Ku Mayar da Shi Gadonsa

"Wallahi sai dai ku bi ta kaina!"

Na ware hannuwana na tare ƙofar ɗakin jinyar, gyalena ya faɗi ban ma sani ba.

Yayan masoyina ya ja birki da keken marasa lafiya. Dogona na ciki, kansa a langaɓe, bakinsa a karkace. Shekaranjiya ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kafinta, guduma a hannu.

"Ke mai kitso, matsa!" in ji yayan. "Ya buɗe ido, ya motsa yatsu, ya sha ruwa. Me ya rage? Gida za mu kai shi."

"Yaya, don Allah... likita ta ce bai fita haɗari ba!"

Likitar ta dubi mahaifiyarsa, ta sake bayanin da ta gaji da yi.

"Hajiya, gudan jini ne ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwarsa. Yanzu kuma sojojin jikinsa sun yi wa wurin ca, garin gyara suna kumbura shi, kamar masu kashe gobara da ruwansu ke rusa ɗaki. Akwai sinadaran da ƙwaƙwalwa ke fitarwa don kare sassan da ba su mutu ba, amma kokawa ake yi. In kumburin ya rinjaye su yana gida, kafin ku dawo da shi..."



'Yar ƙanwar Hajiya, wadda tun farko ita suka so ya aura, ta taɓe baki.

"Hajiya, ba ki gane ba? Gidanmu ba ta da ƙafar shiga. A nan kaɗai take samun ganinsa, shi ya sa take wannan borin."

Hajiya ta juyo a hankali.

"Haka ne?"

"Ina son ganinsa, Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba." Na zube a gabanta. "Amma na fi son ya rayu!"

"To rantse. In na bar shi a nan, ba ke ba shi har abada."

Na juya na dubi Dogo.

Dogo ya yunƙura. "Ri... Rigi..."

'Yar Rigima yake ce min. Ko sunan ya kasa ƙarasawa. Hawaye ya gangaro masa, yana girgiza kai da ɗan ƙarfin da ya rage.

Ka yafe min, masoyina...

"Na rantse da Allah. Ku mayar da shi gadonsa."

Washegari kumburin ya taso. Wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa kitso ce ta faɗa min: ya daina amsawa, idonsa ɗaya ya canza, aka ruga da shi ɗakin tiyata. Ni kuwa ina shago, ina tsaga a karkace, mata na mita, ban jin komai sai bugun ƙirjina.

Ya rayu.

Ban je ba. Ban kira ba. Na rame har zobe ya daina zama a yatsana.

Bayan makonni ina wanke mataji, inuwa ta rufe ƙofar shagon.

Hajiya!

Ta zauna a kujerar 'yan kitso ba tare da na ce bismillah ba.

"Likita ta ce da yana gida ranar nan, da tuni an share makoki." Muryarta ta karye. "Yanzu kuma ya ƙi gashin ƙashi. Ya ƙi koyon tafiya. Ya juya mana baya yana kallon bango, sai ka ce ni na kayar da shi."

"Hajiya, na rantse..."

"Na sani, ai ni na sa ki."

Ta miƙe, ta kamo hannuna a jiƙe.

"Rantsuwa tana da kaffara, 'yata. Ɗa kuwa ba shi da madadi. Rufe shagon nan mu tafi."