Kifi Mai Lamba Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai na safe wayar ofis ta yi ƙara, Sufeto ko kurɓar shayinsa bai yi ba. An tsinci gawa a ɗan tafkin nan na can ƙuryar arewa, wanda ba a zuwa sai da dalili. Awa huɗu suka kwashe shi da Saje a kan hanyar da ko jaki zai yi mata tsaki.

Sun tarar da gawar a bakin ruwa an lulluɓe ta da bargo. Mamacin jami'in hukumar kifi ne, kowa na ce masa Malamin Kifi. Aikinsa ƙidaya kifin tafkin, kuma shi ke rubuta wa hukuma ko a bar masu kamu da ƙugiya su zo, ko a rufe. Tun shekaranjiya da asuba ya fita bai dawo ba.

Sufeto ya ɗaga bargon, ya yi salati. An fasa ƙeyar mutumin. Hannunsa na dama a dunƙule yake, da ƙyar Saje ya ɓamɓare yatsun. A ciki akwai guntun koriyar raga mai kauri.

"Ga wanda ya kashe shi nan, ranka ya daɗe!"

Wani ƙato ne mai jajayen idanu ya faɗa, yana nuna wani tsoho da aka ɗaure a jikin bishiya. Ƙaton yayan mamacin ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke da masaukin da baƙi masu kamun kifi ke sauka. Tsohon kuwa masunci ne, Baba Fatsa, kuma a mashigarsa gawar ta taso.

"Ku kwance shi," in ji Sufeto. "Wa ya ba ku ikon ɗaure mutum?"

Ya ja tsohon gefe. "Baba, an ce kun yi faɗa da marigayi."

"Mun yi, ɗan nan. Ya ƙwace mini raga, na zage shi tas. Amma kisa? Ni da ko filafilin tuƙa kwale-kwale da ƙyar nake ɗagawa?"

"Ragarka wace kala ce?"

"Fara ce, tana ofishinsa. Ban taɓa mallakar koriya ba." Tsohon ya share hawaye. "Kuma gaskiyarsa ce da ya ƙwace. Tafkin nan ya ƙare. Wata uku ban kama abin da ya fi tafin hannuna ba."

"Ƙarya yake yi!" Mai masauki ya daka tsawa daga nesa. "Tafki cike yake da kifi. A zo a ga hotuna!"

Sufeto ya dubi jama'ar. Idon kowa a kan tsohon yake, wasu har da sanduna. Ya san in rana ta faɗi bai gano gaskiya ba, dole ya tafi da Baba Fatsa a ankwa, kuma tsoho irin wannan ba zai fito daga kurkuku da rai ba. Ya ce wa Saje kada ya matsa daga kusa da tsohon.

Gidan marigayin ɗaki biyu ne, ɗaya ya mayar ofis. Ma'auni a kan tebur, ga kwalba cike da ƙananan lambobin roba masu ruwan ɗorawa. Matarsa tana zaune a ƙasa, ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Waɗannan na mene ne?" Sufeto ya tambaye ta yana nuna lambobin.

"Duk babban kifin da aka kama sai ya maƙala masa lamba a ƙayar baya," in ji ta. "Dokar tafkin ke nan. Baƙo ya kama, a auna, a yi hoto, a mayar ruwa."

Ta miƙa masa littafin aikin mijinta. Sufeto ya yi ta buɗe shafuka, can ya tsaya cak. Bana gaba ɗaya lambobi bakwai kacal ke ta maimaituwa. Kifi mai lamba sha bakwai shi kaɗai an kama shi sau goma sha ɗaya, kullum a gadar katakon da ke bayan masauki. Abin da ya fi ɗaure masa kai, duk kamu sai nauyinsa ya ƙaru.

A shafi na ƙarshe marigayin ya rubuta: a rufe tafki shekara uku. Bai sa hannu ba.

"Me ya hana shi sa hannu?"

"Yaya," ta ce a hankali. "Yaya ne ya rene shi, shi ya kai shi makaranta. In aka rufe tafki masauki ya mutu. Sati biyu yana ɗaukar biro yana ajiyewa. Ranar da zai fita ya ce mini akwai abu ɗaya da zai duba da idonsa tukuna."

Falon masaukin ya sha hotuna har rufi. Baƙi kala-kala, kowa ya rungumi ƙaton kifi yana washe baki. Sufeto ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Mutanen daban-daban ne. Kifin kuwa, a hoto bayan hoto, ga wutsiyarsa a yage ta gefen hagu.

"Yaushe rabonka da ƙaninka?" ya tambayi mai masauki.

"Kwana huɗu ke nan, ranka ya daɗe. Ko leƙowa nan bai yi ba."

"Buhunan da na gani a sito fa?"

"Abincin kaji ne."

"Ina kajin?"

Mai masauki ya ce, "Sun… an sayar."

"Ikon Allah. Har da akurkin aka sayar?"

Sufeto ya shiga siton ya ɗebo ƙwayoyin abincin ya sansana, ƙarnin kifi ya bugi hancinsa. Ya zuba a aljihu ya fita.

Ya koma wurin tsohon ya nuna masa. "Baba, kifin da ake ciyarwa kullum, yana gane mai ciyar da shi?"

"Sarai kuwa. Takun ƙafarsa kawai zai ji ya taso."

Da la'asar Sufeto ya tara kowa a bakin gadar katakon, har da matar marigayin. Ya sa Saje ya taka har ƙarshenta ya dawo. Ruwa shiru. Shi ma ya taka da kansa, nan ma ko motsi. Sai ya juya ga mai masauki.

"Bismillah, kai ma taka."

"Ni? Ranka ya daɗe, ina cikin makoki, wane irin wasa ne wannan?"

"Taka, na ce."

Mutumin yana da ɗan ɗingishi, ƙafar hagu yake ja. Ya hau katakon, ƙwas, sululu, ƙwas, sululu. Bai kai rabi ba ruwa ya yamutse. Manyan kifaye suka taso ta ko'ina suna buɗe baki, suna bin sa ta ƙarƙashin gada kamar awaki sun ga mai dusa. Kwana biyu ba su ci ba, don tun shekaranjiya ya kasa kusantar wurin. Na gabansu wutsiyarsa a yage take, ga lamba mai ruwan ɗorawa a bayansa.

Wata mata ta ƙwalla ihu. Sanda ta suɓuce daga hannun wani.

Saje ya zura dogon ƙarfe a ruwa ya jawo. Koriyar raga ce mai kauri, an nutsar da ita an kewaye gadar gaba ɗaya, yadda ba mai gani daga sama. A gefe ɗaya ta yage. Sufeto ya fito da guntun da aka cire daga hannun gawar ya ɗora, ya zauna daidai.

Mai masauki ya zube a kan katakon.

"Su bakwai ɗin nan su ne suka rage a tafkin duka," ya ce. "Na killace su ina ciyarwa, baƙi na kamawa suna murna. Da asuba na same shi a kwale-kwale yana jan ragar. Na ce, ƙanena, ka bar ni shekara ɗaya tak. Ya ce, Yaya, ka yafe mini, yau zan sa hannu. Filafili na hannuna. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga ba."

"Kuma ka ja gawarsa zuwa mashigar tsohon nan, ka tsaya kana kallo ana ɗaure shi."

Mai masauki ya sunkuyar da kai. Mutanen da suka ɗaure Baba Fatsa suka kasa haɗa ido da shi, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ja da baya. Tsohon ya zauna a ƙasa yana murza wuyan hannunsa.

Saje ya danna wa mai masauki ankwa ya tashe shi. Har sun kai bakin mota sai ya turje, ya waiwayo wajen ruwan.

"Don Allah wani ya zuba musu abinci," ya ce. "Yunwa suke ji."

Matar marigayin ta tako har gabansa, littafin mijinta rungume a ƙirji.

"Yaya," ta ce, "tun safe gawarsa ke kwance a can. Ko sau ɗaya ba ka ɗaga bargon ba."

Ta juya ta miƙa wa Sufeto littafin, a buɗe a shafin ƙarshe. "Ranka ya daɗe, ka kai wa hukuma. Ka ce musu ya riga ya sa hannu."