Hannun da Ke Riƙe da Fistin

Magariba ta kawo jiki lokacin da bakaniken ya sake tayar da babbar motar da aka kawo masa ƙofar gida. Ya canja filta, ya wanke nozul, ya duba famfon mai. Duk da haka injin yakan ɗauka lafiya, sai ya sarƙe, ya yi tari, motar ta hau jijjiga.

Ya taka totur. Dutse ya sauka a kan kwanon ɗakinsa. Ya ƙara takawa, wani dutsen ya fasa gilashin motar ya tsaga masa goshi. Babu kowa a layin.

Sai ihun matarsa daga cikin gida.

Ya tarar da 'yarsu Auta tana buga kanta da bango. Ya riƙe ta, ta yi jifa da shi kan randa, randar ta tarwatse. Uwar ta fita ba mayafi ta kira malamin unguwa.

Malam ya daɗe yana karatu kafin Auta ta ɗago. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce.

"Ɗana ya shiga injin yana jin ɗumi, direba ya tashi da shi. Duk sanda ƙarfen ya taso zai niƙe shi, ni nake tarewa da hannuna. Wannan kuma tun safe yake takawa."

Bakaniken ya durƙusa. "Wallahi, Baba, ban sani ba. Na zaci nozul ne."

"Ƙafar da ta taka nake so."

"Ba za ki samu ba," in ji Malam. "Zai buɗe injin ki ɗauki ɗanki. Ki saki yarinyar, ko in ƙone ki."

Auta ta yi gurnani, ta daki ƙasa har farcenta ya cire. Can ta ce, "Ya buɗe. Kada ya leƙa."

Bakaniken ya kwance kan injin, jini na zuba masa a ido, fuskarsa a kauce. Wani abu mai zafi ya goge hannunsa ya wuce, yana shessheƙa kamar jariri. A cikin gida Auta ta yi atishawa, ta kira uwarta.

Da safe ya zaro fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin. A jikin ƙarfen akwai shatin yatsu, sun nutse kamar a cikin laka.