Ruwan Kwano Ɗaya

A wani zamani, a wata makaranta da ke bakin rafi, an yi wata yarinya mai suna Kande, wadda ba a taɓa kayar da ita a muhawara ba.

Wata rana Malam Ilu ya kawo wa ajinsu batu: shin ya kamata kowa ya wanke hannu da sabulu, a zuba masa ruwansa daban, kafin cin abinci?

Kande ta miƙe ta ce, "Malam, a gidanmu kwano ɗaya ake zagayawa da shi. Baba ya wanke, yayye su wanke, ni in wanke, auta ta wanke. Haka kakanninmu suka yi. Wa ya mutu?"

Aji ya kaure da tafi. Abokiyar karawarta ta koma ta zauna.

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa suka shiga gidan su Kande, amma kwanon bai daina zagayawa ba. Baba ya wanke, yayye suka wanke, Kande ta wanke, ta tura wa autarsu Ladidi ruwan duk ya gurɓace. Manya suka kwanta suka tashi. Ladidi ta kwanta kwana biyu, ba ta tashi ba.

Bayan sadakar bakwai Kande ta koma makaranta. Malam ya yi mata ta'aziyya, bai ta da wancan zance ba. Ita ce ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, ran nan na yi tambaya a ajin nan, kowa ya tafa mini. Yau na zo da amsar. Sunanta Ladidi."

Babu wanda ya tafa.