Mantiyar Doña Remedios

Tun ranar Lahadi Sufeto Eusebio Carmona yake fama da cunkoson makon Ista a titunan birnin Sebiya na ƙasar Sifaniya, ƙafafunsa duk sun kumbura. Yana cire takalmi ke nan ranar Alhamis da safe aka bugo waya: an yi sata a gidan Doña Remedios.

Ya tarar da tsohuwar tana ta faɗa. Baƙar mantiyarta ce ta ɓace, mayafin leshin siliki da ta gada wajen mahaifiyarsu, wanda za ta zaga coci-coci da shi da yamma.

"Ga ɓarauniyar nan!" Ta nuna Nieves, mai aikinsu. "Ku kulle min ita."

Nieves sai kuka take yi. Amparo, ƙanwar Remedios, tana tsaye a bakin ƙofa.

Sufeto ya leƙa akwatin da ake ajiye mantiyar. Dogon matajin da ake kafawa a gashi don ya ɗaga mayafin yana nan, haka fil ɗin zinariya. Amma farin ƙyallen da ake naɗe mantiya a ciki babu shi. Ɓarawon da zai bar zinariya ya ɗauki ƙyalle, lallai ɓarawo ne mai tausayin leshi.

Ya miƙa wa Nieves wani gyale. "Adana min wannan."

Ta linke shi gida huɗu. Remedios ta yi tsaki. "Ka gani? Ko naɗewa ba ta iya ba. Linki ai karya siliki yake yi."

"Na gani," in ji Sufeto. Ya juya ga Amparo. "Ke fa, yaushe rabonki da mayafin?"

"Tun bara, yallaɓai. Ni nake kafa wa Yaya."

"Ita ba ta iya ba ne?"

"Ba mai kafa wa kanta. Sai ta karkatar da kai gefe, wata ta soke mata fil a ɗaya kafaɗar. In ba a bar sarari ba, tana waiwayawa zai yage."

Sufeto ya ja ƙafa zuwa ɗakin Amparo. Baƙar rigarta tana rataye, an goge ta tsaf. A kafaɗar hagu akwai fil a soke, da ɗan guntun leshi maƙale a jikinsa.

Ya fito da rigar ya ajiye a kan tebur. Shi kansa bai ji daɗin wannan nasarar ba.

Amparo ta zauna. "Mayafin yana ƙarƙashin katifata. Na so in gani a madubi ne kawai, sau ɗaya. Na waiwaya, sai na ji ƙyat, ya yage."

"Shi ne kika yi shiru za a kulle baiwar Allah?"

"Tsoro na ji." Ta dubi yayarta. "Yaya, tun muna 'yan mata nake kafa miki. Har furfura ta fito min, ba ki taɓa cewa zo in kafa miki ba. Mai mayafin nan ni ma ai uwata ce."

Sufeto ya sallami Nieves, ya ce Amparo ta biyo shi caji ofis ta ba da bayani. Sun kai bakin matakala sai muryar Remedios ta biyo su, a sanyaye.

"Sufeto, za ta dawo kafin yamma? In na aro wata mantiyar, wa zai kafa min?"