Ɓarawon Da Ya Ja Labule

Da hantsi aka kawo ƙara caji ofis, wai an sace wa wani tsohon malami zanen hoto.

Insifekta ya iske shi a falo ya zabga tagumi. Bango cike yake da tsofaffin hotuna da ƙananan zane-zane cikin gilashi, sai wuri guda da ƙusa ta rage ita kaɗai.

"Baba, mai tsada ne?"

"Ina fa tsada! Kwalekwale ne kawai a bakin kogi. Marigayiya matata ta saya mini a gwanjo. Shi nake fara gaisarwa kullum da safe."

"Me kuma aka taɓa?"

"Labule kawai. Jiya ina saurin zuwa asibiti na manta shi a buɗe, na dawo na tarar an ja."

"In an bar shi a buɗe fa?"

"Rana ta cinye launi mana."

Insifekta ya kira mai gadi.

"Ranka ya daɗe, ko ƙuda bai wuce ni ba."

"To kai ka ɗauka ke nan."

Mai gadi ya sosa ƙeya. "Gaskiya na ɗan runtsa. Da na farka dai na hango tela, aminin Baba, a kan kekensa yana shan kwana."

Insifekta ya wuce shagon tela, wani ɗan ƙaramin shago. Shi ma yana da hotunansa, duk ya rataye su can ciki inda haske ba ya kaiwa.

"Rabona da gidan tun makon jiya," in ji shi, yana ta taka keken ɗinki.

"Abin haushi," in ji Insifekta, "ɓarawon ya bar labule a buɗe, rana ta wuni tana dukan sauran."

"A buɗe kuma? Ai sai da na..."

Keken ya tsaya.

Can tela ya jawo zanen daga ƙarƙashin yadudduka, a naɗe cikin farin ƙyalle.

"Na gaji da roƙonsa ya bar mini shi ko kwana biyu. Zuciya ce ta ɗebe ni."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa ofis.

Ba su gama zama ba sai ga tsohon yana haki, ya ɗauki zanensa daga kan tebur ya rungume.

"Insifekta, na yafe. In kun rufe shi, da wa zan riƙa musun hotuna?" Ya harari tela. "Kai kuma ɓarawon banza, gobe ka zo da wuri mu gaishe shi tare."