Munduwar Iya Hure

Da yammacin wata Talata a watan Zulƙida, Sabitu ya fito daga unguwarsu ta Nakkasa da bokiti da tsumma da baƙi biyu.

Aikinsa goge jirgin ƙasan mahajjata, wannan da ke bi ta sama daga Arfa zuwa Muzdalifa zuwa Mina. Kwana bakwai jirgin yake aiki a shekara, sauran watannin yana kwance kamar malalacin miji. Sai Hajji ya matso ake tashinsa, a yi ta zagayawa da shi fanko don a ga ko ƙafafunsa na nan. A irin wannan zagayen Sabitu yake saka wa abokai rigar masu shara, ya ba kowa tsintsiya, ya shigar da su su sha iska. In rana ta yi ja, sai ya ba su labarin fatalwar jirgin. Har unguwar Zahir an san shi da wannan labari, kuma duk shekara fatalwar tana ƙara tsawo.

Baƙin ranar su ne Malam Datti, ɗalibin hadisi daga Zariya, da Abdulwadud, haihuwar unguwar Rusaifa a nan ƙasar, wanda Hausarsa ke ɗingishi sai Larabci ya tallafe ta.

Suka shiga tarago na tsakiya a tashar Arfa. Ko'ina ƙamshin sabulu. Na'urar sanyi tana gurnani ƙasa-ƙasa. Ban da direba can gaba, babu kowa. Ƙofofi suka rufe, jirgi ya ja.

"Ka san dai matacce ba ya dawowa," in ji Datti, yana gyara tsintsiyarsa kamar sandar liman. "In ma an ga wani abu, aljani ne ya ari kama."

"Allah ya gafarta Malam, in ta zo sai ka tambaye ta isnadinta," in ji Sabitu.

Abdulwadud ya yi dariya. "Yalla ya Sabitu, ba mu, wallah ni ba tsoro."

Sabitu ya gyara murya. Labarin yana da ƙashi guda a ciki, kuma shekara huɗu ke nan yana ba da shi a zare, domin ƙashin shi ne Sabitu kansa.

"Shekarar da aka fara jirgin nan," ya ce, "ba a shiga sai da munduwar roba a hannu, ita ce tikiti. To akwai wata tsohuwa, ba wanda ya san sunanta..."

"Hure."

A hankali aka faɗa, kamar an hura wa shayi iska.

Sabitu ya dubi Abdulwadud. Abdulwadud ya dubi Datti. Datti yana duban silin.

"Wa ya ce Hure?" in ji Sabitu.

A waje duwatsu sun fara baƙi, rana ta rage kamar bakin faranti.

Sabitu ya yi tari, ya ci gaba. "Tsohuwar nan dai sakarai ce. Ranar Arfa da magariba, ana tururuwar tafiya Muzdalifa, sai ta yar da munduwarta."

"Ban yar ba."

Wannan karon daga taragon baya maganar ta fito.

Ƙamshin sabulun ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa: ƙura, gumi, man zafi, da daddawar da tsofaffinmu ke ƙullowa a bakin zane.

Sai suka ji takun. Silifa ɗaya tana ɗas. Ɗayar ana jan ta, shaaa, kamar wadda igiyarta ta tsinke.

Ɗas. Shaaa.

"Ya Sabitu," Abdulwadud ya raɗa, "kai ka kawo wani? Halas, wasa ya isa."

Sabitu ya girgiza kai.

Jirgin ya rage gudu, ba tasha, ba dalili. Fitilun taragon baya suka mutu. Sai na kusa da shi.

Ɗas. Shaaa.

Datti ya fara Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya, ya koma farko.

Ta shigo.

Ba doguwa ba ce kamar yadda Sabitu ya saba faɗa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin farin mayafi da ya zama ruwan ƙasa. Ƙafafunta sun tsage, ƙura ta cike tsagun. Tana riƙe da buta, babu ruwa a ciki. Ta zauna a kujerar da ke fuskantar Sabitu, ta sauke numfashi irin na wanda ya daɗe bai zauna ba.

"Da sanyi ashe," ta ce. "Ci gaba, ɗan nan. Ina ji."

"Iya..."

"Wa ke tsaron ƙofa ran nan?"

Sabitu ya sunkuyar da kai.

"Wa?"

"Ni ne."

"Da na ji kana Hausa, me na ce?"

Muryar Sabitu ta zama ta ɗan tsako. "Kin ce alhamdu lillahi, ga ɗan gida."

"Sai ka ce?"

"Na ce... munduwarki ta jabu ce. Ki kawo in canjo miki."

Ta ɗaga hannun dama. A wuyan hannun akwai farin zobe inda rana ba ta taɓa ba, da ɗan tabo inda bakin almakashi ya kama fata.

"Ka yanke. Ka liƙe da salatif a hannun wa?"

"Rahmatu. Lokacin ina nemanta. Ƙafarta ce ke ciwo, Iya, wallahi..."

"Na tsaya inda ka ce in tsaya. Jirgi ya tafi, wani ya zo, ya tafi. Da ka dawo na kama rigarka. Gaya wa malamin nan abin da ka ce."

Sabitu ya dubi Datti. Datti ya kau da kai.

"Na ce, yalla ya hajja, tafiyar ƙafa ta fi lada."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali.

"Ban kai Muzdalifa ba," ta ce. "Ina hango fitilunta."

Fitilar taragonsu ta mutu.

Cikin duhu Sabitu ya ji yatsu sun zagaye wuyan hannunsa. Ba sanyi. Zafi, irin na kwalta da azahar.

Suka matse.

Ya ji ƙashi yana ƙara.

"Shekara huɗu kana sa ana yi mini dariya," ta raɗa a kunnensa. "A cikin jirgina. A kan kujerata."

Jirgin ya tsaya. Tashar Muzdalifa. Ƙofa ta buɗe.

Abdulwadud ya riga kowa fita, a nan ya bar takalmi ɗaya. Datti ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya juyo. A faɗi gaskiya, malamin nan yana da zuciya. Ya cafki wuyan rigar Sabitu ya ja.

Ko motsi.

Ƙararrawar rufe ƙofa ta fara.

"Baiwar Allah!" Datti ya yi ihu. "Ko ke wace ce, don Allah!"

"Ba kashe shi zan yi ba, Malam," ta ce. "Lada zan ba shi."

Ta saki.

Suka zube a dandamali, ƙofa ta datse gefen rigar Sabitu ta tafi da shi. Jirgin ya ja. Ta taga suka hango ta zaune, butarta a cinya, tana kallon gaba kamar kowace hajiya.

Sabitu ya duba hannunsa. Lafiya lau, ko kumburi babu. Har ya fara murmushi, bawan Allah.

Da suka sauko titi suka yi sallah, sai suka tare tasi. Sabitu na zama, mota ta mutu. Direba ya murɗa, ya murɗa, ya buɗe gaba ya duba. Sabitu ya fito don ya taya turi, mota ta tashi da kanta. Ya koma, ta mutu. Tasi ta biyu haka. Ta uku ma direban bai tsaya jin bayani ba. A ranar nan, da ƙafa Sabitu ya koma Nakkasa.

Tun daga nan babu abin da ke ɗaukarsa. Bas, babur, motar kaya, har matakalar lantarki in ya taka sai ta tsaya, mutane su yi ta harararsa. Aiki ya tafi, don ba a son mai shara da ke kashe jirgi. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare. Da aka kama shi za a mayar da shi gida, mota uku aka canja, a ƙarshe jami'in ya buɗe ƙofa ya ce ya tafi don girman Allah.

Rahmatu, wadda ya riga ya aura, da ta ji wace munduwa aka ɗaura mata a ranar Arfa, ta kwashe 'ya'yanta biyu ta koma Katsina. A waya yake jin muryarsu. Ƙaramin ya fara ce masa "mutumin waya".

Bara ya je wurin Datti, ƙafafunsa duk faso, ya ce shi gida zai tafi.

"Ai kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, Malam. In sun iya, zan iya."

Datti ya dubi fason ƙafafun. "Haka ne. Amma jirgin ruwa ne ya sauke su a Jidda."

Sabitu ya ce zai gwada.

Kwana uku ya yi a hanya kafin ya kai Jidda. Masunta a can sun san shi yanzu: wani Bahaushe da ke zama a bakin teku yana kallon yamma. Duk mai kwalekwalen da ya hango shi ya miƙe tsaye, sai ya yi maza ya kwance igiyarsa.