Fulawar Inno

"Umma, me ya sa fulawar Inno ta koma ja? Da ba ruwan hoda ba ce?"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Zulaikha. Mijinta Jalaluddeen, da isowarsa Kazaure ke nan bayan wata bakwai yana aiki a Fatakwal, ya bar kallon 'yarsu Ummi ya dubi gindin katanga.

Fulawar, reshe ne ya yanko a gidansu na Roni ranar sadakar bakwai ɗin mahaifiyarsa Inno, ya dasa da hannunsa. Duk wayar da zai yi sai ya ce, "An ba ta ruwa?" Ita kuma ta ce, "An ba ta, har ta yi fure."

Ya matsa ya shafa ganyen.

"Maman Ummi... wannan ba ita ba ce."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta durƙusa, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ni na tuge ta, Abban Ummi."

"Kika tuge?! Abin da ya rage mini na Inno ke nan!"

"Yaronmu Ahmad na tarar yana rarrafe da ganyenta a baki. Amai ya dinga yi, jikinsa ya saki... Kwana biyu muka yi a asibiti. Likita na ganin ganyen ya ce guba ne, har akuya yana kashewa."

"Kuma kika yi shiru?"

"Kana nesa, ga makoki bai sake ka ba. Sai na sayo wannan a wurin mai fulawa na dasa. Wata huɗu ina yi maka ƙarya... wallahi idonka nake jin kunya."

Ya juya ya bar gindin katangar. Ya ɗauki Ahmad daga tabarma ya ƙanƙame shi, hawaye na bin gemunsa.

"Kullum fulawa nake fara tambaya kafin yara," ya ce a hankali. "Tashi, farin cikina. Da Inno na raye, ita za ta riga ki ɗaukar fartanya."

Zulaikha ta fashe da kuka a kafaɗarsa.

'Yar'uwa, kada kyan fure ya ruɗe ki. Kafin ki dasa shi inda ɗanki ke rarrafe, ki tambayi masana. In kuma kin tuge, ki faɗa a ranar, domin yaran gida ba sa riƙe sirri.